Tallan da ke faɗowa a waya: tsakanin saitin Chrome, Brave, Firefox da DNS, wanne ya dace da wa?

A ƙarshen damanar da ta wuce, kawuna da ke sayar da kayan masarufi a kasuwar Dole ya tare ni bayan sallar la'asar, ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Ɗana, duba mini abin nan, tun safe take faɗa mini wai birus goma sha uku sun shige ta, kuma in ban danna ba za ta lalace." Da na karɓa na duba, sai na tarar babu birus ko guda. Sanarwa ce daga wani shafi da ya taɓa shiga neman sakamakon kokowa, shafin ya nemi izinin aiko masa da saƙo, shi kuwa ya danna wurin amincewa don rubutun ya kauce ya ga abin da ya je nema. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne kafin ya zo wurina ya riga ya biya wani yaro ya sa masa manhajoji biyu na "wanke waya", kuma su ne suka mayar da talla ɗaya ya zama goma, har ta kai ko lambar abokin ciniki ba ya iya nemowa sai ya jira wani bidiyo ya ƙare.

Tun daga ranar nake lura da wayoyin dangi da na abokan aiki a nan Damagaram, kuma kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya zaɓi magani kafin ya san ta wace ƙofa abin ya shigo. Abin da muke kira talla ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda yake zaune a cikin shafi, a sama ko a tsakanin sakin layi, mai shafin ne ya ba shi wuri don ya sami kuɗi. Akwai taga mai faɗowa, wadda take buɗe sabon shafi ba tare da an neme ta ba, ko kuma ta ja mutum daga inda yake karatu ta kai shi gidan caca. Akwai sanarwa irin ta kawu, wadda take zuwa a saman fuskar waya ko da burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, a rufe take, domin an taɓa ba wani shafi izini. Sannan akwai mafi muni, wato tallan da wata manhaja da ke cikin wayar take fitarwa da kanta, ya rufe fuskar waya gaba ɗaya ko mutum yana tsakiyar kira. Babu wata hanya guda da take toshe ƙofofin nan huɗu a lokaci ɗaya, shi ya sa kwatanta hanyoyin yake da amfani fiye da tambayar wace manhaja ce ta fi kowace.

Wanda ya rubuta ɗaya daga cikin tagogi masu faɗowa na farko, Ethan Zuckerman, ya yi aikin ne a wani kamfani mai suna Tripod a Amurka a ƙarshen shekarun 1990, kuma a 2014 ya fito fili ya nemi gafarar jama'a. Amma nauyin abin da ya ƙirƙira bai faɗa wa kowa daidai ba. Mai intanet ɗin wata-wata mara iyaka haushi kawai yake ji. Mu da muke sayen mega na dala ashirin ko dala ɗari, a Airtel ko Moov ko Zamani, kowane hoto da kowane bidiyo na talla daga aljihunmu yake fita, kuma yana cin batir a garin da wuta take yawan ɗaukewa lokacin zafi. Google da kansa ya bayyana a 2020 cewa kashi 0.3 cikin ɗari kawai na tallace-tallace ne suke da nauyin da ya wuce kima, amma su kaɗai suke cinye kashi 27 cikin ɗari na datar da talla yake ci. Saboda haka ma'aunin da zan ɗora kowace hanya a kai shi ne namu: me take tarewa, mega nawa take ragewa, ko ƙaramar waya za ta iya ɗaukar ta, wa ake ba amana idan an zaɓe ta, kuma ko mutumin da ba ya karanta Faransanci sosai zai iya zama da ita ba tare da komawa wurin mai gyara kowane mako ba.

Hanya ta farko ita ce wadda ba ta buƙatar a sauke komai, wato gyara saitin Chrome, burauzar da take cikin kusan kowace wayar Android. A wayar da take da Faransanci, mutum zai shiga «Paramètres», ya gangara zuwa «Paramètres des sites», a nan zai ga wurin tagogi masu faɗowa da wurin «Notifications». Na farkon galibi a toshe yake tun daga kamfani, sai dai a tabbatar. Na biyun shi ne inda cutar kawu take: akwai jerin shafukan da aka ba izini, kuma duk wanda mutum bai san shi ba ya cire shi, sannan ya hana shafuka sake tambaya gaba ɗaya. Wanda bai iya bin wannan hanya ba, idan sanarwar ta sake zuwa ya ɗora yatsa a kanta ya riƙe, wayar za ta nuna masa daga inda ta fito, ta kuma ba shi damar kashe ta. Ina jaddada wannan mataki domin babu wata hanya cikin waɗanda za su biyo baya da take janye izinin da aka riga aka bayar. Mutum zai iya komawa wata burauza irin Brave yau, amma muddin Chrome tana cikin wayar da tsohon izininta, sanarwar ƙarya za ta ci gaba da zuwa, shi kuma ya ɗauka sabuwar burauzar ce ba ta aiki.

Bayan wannan, Chrome tana da nata ɗan tacewa. Tun watan Fabrairu na 2018 ta fara cire talla daga shafukan da suka saɓa wa wasu ƙa'idoji da masu harkar talla suka amince da su, aka faɗaɗa hakan zuwa duniya baki ɗaya a Yuli 2019. Cikin abubuwan da aka haramta a waya akwai bidiyo mai tashi da sauti da kansa, da talla mai ƙidayar daƙiƙa kafin a ga shafi, da shafin da talla ya cinye fiye da kashi 30 cikin ɗari na tsawonsa. Daga 2020 kuma tana sauke duk tallan da shi kaɗai ya ci fiye da mega 4 ba tare da an taɓa shi ba. Wannan ya taimaka, amma mai karatu ya lura da lambar: tallan da ya ci mega 3 zai wuce lafiya, kuma shafi ɗaya yana iya ɗaukar talla da yawa. Dalilin sassaucin ba ɓoyayye ba ne, domin kusan kashi uku cikin huɗu na kuɗin da uwar kamfanin Google take samu daga talla yake fitowa, kuma ba a sa ran mai saye da sayarwa ya rufe kasuwar da yake ci a cikinta. Chrome ta waya ba ta karɓar ƙarin manhajar toshe talla, sannan tsarin rage cin data da take da shi a da an cire shi a 2022. Hukuncina a kanta shi ne gyara saitinta wajibi ne ga kowa, amma bai isa ba ga wanda megarsa take ƙarewa kafin yamma.

Daga nan zaɓin gaske yana tsakanin burauza biyu, Brave da Firefox, kuma a kansu na fi samun tambaya daga ɗaliban jami'ar André Salifou da malaman makaranta.

Brave ta fito a 2016, wanda ya jagoranci kafa ta kuwa shi ne Brendan Eich, mutumin da ya ƙirƙiro JavaScript, harshen kwamfuta da ake gina shafukan intanet da shi. An gina ta a kan tushe ɗaya da Chrome, don haka duk wanda ya saba da Chrome ba zai ga baƙon abu ba, kuma shafukan da suke buɗewa a can za su buɗe a nan. Babban abin da ta fi da shi shi ne garkuwarta tana aiki tun daga minti na farko: a sauke ta daga Play Store, a buɗe, shi ke nan, talla da masu bibiyar sawu da yawancin tagogi masu faɗowa sun tsaya. Idan wani shafi ya ƙi aiki, alamar zaki tana nan kusa da adireshi, a taɓa ta a sauke garkuwar don wannan shafin kaɗai. Ga dattijo, ko ga uwar gida da take son karanta labarai da sauraron wa'azi ba tare da hotunan banza sun faɗo gaban yara ba, wannan sauƙin ya fi kowace fasaha daraja. Inda take da rauni shi ne ita ma kamfani ce mai neman riba. Tana sa hotunan talla nata a sabon shafi, tana tallata kuɗin intanet da jakar ajiyarsa da VPN na biya (mai ɓoye inda mutum yake shiga intanet), ko da yake duk ana iya kashe su a saiti. A 2020 kuma an gano tana liƙa lambar samun kamasho a adireshin wata kasuwar kuɗin intanet idan mutum ya rubuta shi, shugabanta ya amsa kuskuren ya nemi afuwa, aka gyara. Ban ɗauki wannan dalilin guje mata ba, amma dalili ne na kashe duk abin da ya shafi lada da kuɗin intanet tun ranar farko, musamman a wayar wanda zai iya ɗauka cewa wata hanyar samun kuɗi ce aka buɗe masa.

Firefox ta fi tsufa, domin tun 2004 take, kuma toshe tagogi masu faɗowa yana cikin abubuwan da suka jawo mata jama'a a wancan lokaci. Ita kaɗai ba ta toshe talla, masu bibiyar sawu take tarewa. Ƙarfinta yana zuwa ne idan aka liƙa mata uBlock Origin, wani ƙari da Raymond Hill ya fara a 2014, wanda kyauta ne, kowa yana iya duba yadda aka rubuta shi, kuma mai shi ba ya karɓar ko gudummawar kuɗi. A waya ana samun sa a cikin Firefox ɗin kanta, a wurin «Extensions», taɓawa biyu ko uku ne. Abin da yake ba mutum ya wuce na Brave ta fuskar iko. Ana iya ƙara masa jerin da aka keɓe wa shafukan Faransanci, wanda yake da amfani gare mu da muke karanta jaridun Yamai da takardun karatu da wannan harshe. Ana iya nuna masa wani abu a shafi da yatsa a ce ya ɓoye shi har abada. Sannan akwai saitin da na fi so, wanda yake hana duk hoto ko bidiyon da ya wuce wani nauyi sauka sai an taɓa shi, kuma ma'aunin da yake zuwa da shi kilobait 50 ne. Ɗalibin da yake neman rubutu kawai, a unguwar da rezo yake rarrafe, zai ga bambancin wannan a saurin buɗewa da kuma a abin da ya rage masa na mega.

To wanne za a ɗauka? Idan wayar ƙarama ce, irin Itel ko Tecno mai ƙwaƙwalwar aiki giga 1 ko 2, abin da na gani a hannun mutane shi ne kowace cikin biyun tana iya yin nauyi idan aka tara shafuka a buɗe, kuma Firefox ta fi saurin sake loda shafi idan aka fita aka dawo, abin da yake mayar da ribar mega baya. Wasu shafukan hukuma da na rajista kuma da Chrome kawai aka gwada su, don haka sun fi zama lafiya a Brave. Ta fuskar amana kuwa uBlock Origin ya fi tsabta, domin babu abin da yake sayarwa, ko da yake ita Mozilla mai Firefox mafi yawan kuɗinta daga Google yake zuwa, ladan sanya shi injin bincike na farko. A taƙaice dai, wanda zai saita wa wani waya ya tafi ya bar shi da ita, Brave ta fi masa kwanciyar hankali. Wanda zai saita wa kansa, yana kuma da haƙurin buɗe saiti ya karanta, Firefox da uBlock Origin za su ba shi abin da ya fi.

Opera Mini ta cancanci a ambace ta domin da ita da yawa cikinmu muka fara shiga intanet. Tana bi da shafi ta kwamfutocin kamfaninta a matse shi kafin ya iso, kuma tun 2016 tana da abin toshe talla a ciki, don haka wajen rage mega har yanzu tana da ƙarfi. Sai dai shafinta na farko cike yake da labarai da talla nata da sanarwa, kuma matsewa mai tsanani tana karya shafukan cike takarda. Mai wayar Samsung yana iya ƙara abin toshe talla a burauzar kamfanin, mai iPhone kuma Safari tana karɓar irinsa tun 2015.

Duk waɗannan a cikin burauza suke aiki, alhali da yawa daga tallan da yake damun mutane a cikin wasu manhajoji yake: wasan yara, manhajar tura fayil, mai kunna waƙa, har da wasu manhajojin lokutan salla da na Alƙur'ani, inda ake ganin tallan da bai dace da wurin ba ko kaɗan. A nan ne DNS yake shigowa, kuma shi ne hanyar da mutane suka fi rashin sani alhali ba ta cin wuri ko kaɗan a waya. Duk lokacin da waya za ta ɗauko wani abu daga intanet, sai ta fara tambayar wata kwamfuta lambar gidan da abin yake, kamar yadda baƙo yake tsayawa a bakin Birni ya tambayi kwatancen gidan da zai je. Idan wanda ake tambaya yana riƙe da jerin gidajen talla, sai ya ƙi ba da kwatancensu, tallan kuwa ba zai taso ba balle ya ci mega. Tun daga Android 9, wadda ta fito a 2018, akwai wurin da ake kira «DNS privé» a cikin saitin rezo da intanet. Mutum zai zaɓi rubuta suna da hannu, ya sa dns.adguard-dns.com, ya ajiye. Wanda yake son a haɗa da toshe shafukan batsa saboda yara sai ya sa family.adguard-dns.com a maimakonsa. Babu rajista, babu biya, kuma yana aiki a kan mega da wifi duka, a kowace manhaja.

Amma sai an san iyakarsa kafin a dogara da shi. DNS sunan gida kawai yake gani, ba ya ganin abin da ke cikin ɗaki, don haka idan talla da abin da ake nema daga gida ɗaya suke fitowa, ba shi da yadda zai raba su. Shi ya sa ba ya taɓa tallan YouTube ko na Facebook ko na TikTok. Yana barin fili fari a inda tallan yake, domin ba ya gyara fasalin shafi kamar yadda uBlock Origin yake yi. Sakamakon farko na binciken Google, waɗanda aka biya kuɗi aka sa, sukan ƙi buɗewa idan an danna su, kuma wasannin da suke ba da lada don kallon talla za su daina bayarwa, abin da zai sa yaro ya zo yana cewa waya ta lalace. Matsalar da ta fi rikita mutane ita ce idan waccan kwamfutar ba ta samu ba, intanet yakan tsaya cak alhali mega tana nan, kuma hakan yakan faru a wasu wuraren sayar da wifi na tikiti inda sai an shiga wani shafi an rubuta lamba. Maganin shi ne a mayar da saitin kan «Automatique» na ɗan lokaci, amma wanda ba a nuna wa ba zai tafi ya sake sayen forfe a banza. Sannan akwai batun amana: kamfanin da aka ba wannan aiki, wato AdGuard mai hedikwata a Saifurus, yana iya ganin sunayen shafukan da wayar take nema, ko da yake ba ya ganin abin da aka rubuta ko aka karanta a ciki. Wanda yake son ya zaɓi abin da za a toshe da kansa yana iya buɗe asusu a NextDNS, wanda yake tace tambaya 300,000 kyauta a wata, idan sun ƙare ya ci gaba da amsawa ba tare da tacewa ba. Ga waya ɗaya wannan yakan isa, ga gida guda a kan wifi ɗaya da wuya.

Idan aka ɗora DNS da burauza mai garkuwa a sikeli, ba kishiyoyi ba ne. DNS yana da faɗi amma ba shi da zurfi, burauza tana da zurfi amma a ɗakinta kawai. Wanda yawancin lokacinsa a WhatsApp da ƙananan manhajoji yake, DNS ya fi yi masa aiki. Wanda yake yawo a shafukan labarai da na sauke littattafai da na kallon ƙwallo, inda tagogi suke faɗowa uku-uku, burauza ce maganinsa, domin masu irin waɗannan shafuka suna sauya sunayen gidajen tallansu da sauri, kuma garkuwar da take cikin burauza ta fi iya kama dabarar buɗe tagar kanta.

Ga masu kwamfuta, a ofis ko a shagunan buga takardu da ke kewayen jami'a da ma'aikatu, lamarin ya sauya. Daga 2024 Chrome ta fara kashe tsofaffin ƙare-ƙaren da ake liƙa wa burauza bisa sabon tsarin da ta kira Manifest V3, kuma cikakken uBlock Origin yana cikin waɗanda abin ya shafa. Abin da ya rage a Chrome shi ne uBlock Origin Lite, wanda yake aiki da kyau ga yawancin shafuka amma bai kai na asali iko ba. A Firefox na asalin yana nan daram, garkuwar Brave ma ba ta shafu ba domin a jikin burauzar aka gina ta. Adblock Plus, wanda ya fi shahara da suna, tun 2011 yake barin wasu tallace-tallace da ya kira masu karɓuwa su wuce, manyan kamfanoni kuma suna biya don shiga wannan jeri; ana iya kashe hakan, amma ya kamata mutum ya san da shi. Kada a haɗa biyu a burauza ɗaya, domin suna taka wa juna ƙafa. Kuma a duba sunan mai ƙarin da kyau, saboda an sha kama na jabu masu kama da suna a rumbun Chrome. Ga shagon da mutane da yawa suke zama a kwamfuta ɗaya, wannan ba batun jin daɗi ba ne kawai: a Disamba 2022 hukumar FBI ta Amurka ta shawarci jama'a su yi amfani da abin toshe talla, saboda ƴan damfara suna sayen talla a injin bincike da sunan kamfanonin gaske su kai mutane shafukan sata.

Akwai kuma abin da ba na sa shi cikin zaɓi ko kaɗan, wato manhajojin wanke waya, da masu cewa suna sanyaya batir ko ƙara gudu, da VPN na kyauta da ba a san mai shi ba, da kwafin WhatsApp da aka sauya wa fasali ana tura shi hannu da hannu ta Xender. Da yawansu da talla suke rayuwa, kuma sa su don gudun talla gudun gara ne a faɗa gidan zago. Shafin intanet ba shi da ikon bincika waya ya ƙirga birus, don haka duk saƙon da ya faɗi haka ƙarya ne, kuma abin yi shi ne a rufe shafin ba tare da danna komai a cikinsa ba, ko da wurin da aka rubuta a rufe. Haka ma shafin da ya ce an ci kyauta ya nemi lambar waya, domin ta nan ake sa mutum cikin rajistar da take zaftare masa kuɗin kira kullum. Idan talla yana rufe fuskar waya a wajen burauza, to ƙofa ta huɗu ce, kuma babu Brave ko Firefox da za ta yi maganinsa. DNS yana iya rage shi, amma ɓarawon yana cikin gida. Sai a shiga jerin manhajoji a nemi wadda aka sa kwanan nan, ko wadda ba ta da suna ko hoto, a duba waɗanda aka ba izinin fitowa a kan sauran manhajoji, a cire. Idan tallan ya hana aiki, a yawancin wayoyi ana riƙe maɓallin kashewa, sannan a riƙe rubutun kashewar da ya fito, wayar za ta tashi a yanayin kariya inda manhajojin da aka ƙara ba sa motsi, a cire mai laifin a natse. Mayar da waya yadda ta fito daga kamfani shi ne mataki na ƙarshe, bayan an kwashe lambobi da hotuna.

Game da YouTube, gaskiyar magana ita ce manhajarsa ba ta toshuwa ta waɗannan hanyoyi. Idan aka buɗe shi ta cikin Brave ko Firefox tallan yakan tsaya, amma tun 2023 kamfanin yake yaƙar masu toshewa, don haka yau ya yi aiki, gobe ya tsaya sai an sabunta. Wanda zai zaɓi burauza saboda wannan kaɗai ya shirya wa hakan.

Wani abu da yake damuna, kuma ba na son in tsallake shi, shi ne haƙƙin masu rubutu. Ƙananan jaridun Hausa na intanet da matasan da suke ɗora darasi ko labari da harshenmu, da yawansu ba su da wata hanyar shiga sai ɗan abin da talla yake kawowa, kuma abin da ake biya a kan mai karatu daga yankinmu kaɗan ne tun asali. DNS ba ya bambanta shafin da ya mutunta mai karatu da wanda ya cika shi da tarko, duka yake toshewa, kuma wannan aibi ne na gaske a gare shi. Brave da uBlock Origin kuwa suna ba da damar a ɗage garkuwa ga shafi guda da taɓawa ɗaya. Ni ina yin haka ga shafuka huɗu ko biyar da nake karantawa kullum, muddin ba su buɗe mini taga ko tallan caca ba, kuma saboda wannan dalili ne ban sa DNS mai tacewa a wayata ba, na tsaya a Firefox.

A wayar kawu kuwa lissafin ya bambanta, domin shi ba mai yawon shafuka ba ne, kuma jikokinsa suna ɗaukar wayar da dare. Na cire manhajojin wankin nan biyu, na share shafuka bakwai daga jerin masu izinin sanarwa, na hana sabuwar tambaya, na sa DNS na iyali, sannan na sauke masa Brave na ajiye alamarta a daidai inda ta Chrome take a da, don yatsansa ya same ta ba tare da nema ba. Na kuma rubuta wa babban ɗansa a takarda inda «DNS privé» yake da kalmar «Automatique», na ce masa duk ranar da intanet ya tsaya alhali akwai mega, nan zai fara dubawa kafin a je wurin mai gyara.